Karɓar Baƙuncin Manyan Wasanni: Yaya Mazauna Gari Suke Ji?

Waɗanda suka shaida wasannin da aka buga a Kano da Kaduna da Bauci a shekarar 1999, lokacin da Nijeriya ta karɓi baƙuncin gasar ƙwallon ƙafa ta matasan duniya, sun san irin annashuwar da babbar gasa kan kawo wa gari. To, shin ana iya auna wannan farin ciki? Kuma yakan ɗore?

Domin amsa wannan tambaya, wasu masana, cikinsu har da Farfesa Paul Dolan, sun nazarci wasannin Olamfik da aka yi a Landan a 2012. Daga 2011 zuwa 2013 sun yi ta tambayar mutane kimanin 26,000 a Landan da Faris da Balin yadda suke jin daɗin rayuwarsu. An sanya biranen biyu na ƙarshe ne don kwatanci, kamar yadda ɗalibin kimiyya kan bar shuka ɗaya babu taki domin ya gane aikin takin a kan sauran. Sakamakon ya nuna cewa gamsuwar mutanen Landan ta ƙaru a lokacin wasannin, musamman wajen bikin buɗewa da na rufewa. Amma bayan shekara guda, wannan ƙari ya gushe.

A nan gizo yake saƙar, domin murna takan wuce, bashi kuwa yakan zauna. Birnin Montreal na ƙasar Kanada ya karɓi Olamfik a 1976, amma bai gama biyan bashin filin wasansa ba sai 2006. Saboda haka ne masana suke cewa goyon bayan jama'a tamkar ciniki ne: kowa yakan auna abin da zai samu da abin da zai rasa. A 2013 dubun-dubatar mutanen Burazil, duk da ƙaunarsu ga ƙwallo, sun yi zanga-zanga suna neman asibitoci da makarantu maimakon filayen gasar cin kofin duniya ta 2014. Haka kuma a 2015 mutanen Hambug ta Jamus suka kaɗa ƙuri'ar ƙin neman Olamfik ta 2024.

Ke nan tafin da ake yi ranar buɗe gasa bai isa shaidar amincewar jama'a ba. Ma'auni na gaskiya shi ne abin da ya rage wa mutanen gari bayan baƙi sun watse.