Ba Motar 'Yan Jami'a Kaɗai Ba Ce

Akwai masu ganin cewa idan hukuma ta keɓe wani sashe na titi domin bas mai sauri ta bi ta ƙofar jami'a, to gata aka yi wa ɗalibai da kuɗin jama'a. Maganarsu ba ta rasa dalili. Ɗalibi baƙo ne a gari, shekara huɗu ya kama gabansa, lokacin hutu kuma makaranta ta yi tsit. Mai mota an rage masa hanya, mai shago yana tsoron ciniki ya ja baya.

Sai dai abin da ya faru a birnin Eugene na jihar Oregon a Amurka bai goyi bayan wannan ra'ayi ba. A watan Janairu na 2007 aka buɗe layin bas mai sauri na EmX, mai tsawon kusan kilomita shida. Ba a jami'a ya fara ba, ba kuma a can ya tsaya ba. Tsakiyar Eugene ya haɗa da tsakiyar garin Springfield, Jami'ar Oregon kuwa a kan hanya take, ta titin Franklin. Ma'aikacin da bai taɓa shiga aji a can ba yana hawansa kullum.

Abin da aka fi mantawa shi ne ɗalibai ne ke sa bas ta riƙa zuwa a kai a kai. Ma'aikata safe da yamma suke tafiya, ɗalibi kuwa laccarsa na iya zama da hantsi ko bayan azahar. Wannan kai-komo na yini guda shi ke ba hukuma hujjar turo mota kusan kowane minti goma, kuma tsohuwar da za ta kasuwa ita ma ta ci moriyar hakan.

Ga mai cewa ai bas ce kawai, wanda ya hau BRT ta Legas ya san bambanci. A Eugene fitilar hanya kan ba ta fifiko, daɓen tashar daidai yake da ƙofarta, mai keken guragu ya shiga ba wahala.

Gaskiya ne fasinja kan ragu lokacin hutu, kuma masu shaguna sun yi adawa da faɗaɗa layin. Duk da haka a 2011 aka miƙa shi unguwar Gateway, inda babban asibiti yake, a 2017 kuma aka kai shi yammacin Eugene.