Bayan An Raba Kekunan Ɗinki

Kuɗin da ake warewa da sunan matan da ke son kama sana'a ba kaɗan ba ne. A 2013 Babban Bankin Najeriya ya buɗe asusun naira biliyan 220 don ƙanana da matsakaitan sana'o'i, ya ce kashi 60 cikin 100 na mata ne. A 2016 Bankin Raya Afirka ya ƙaddamar da shirin AFAWA, bisa ƙiyasin cewa jarin da matan nahiyar ke nema ba su samu ba ya kai dala biliyan 42. Shekara ɗaya bayan haka, a taron ƙasashen G20 da aka yi a Hamburg ta Jamus, aka kafa asusun We-Fi a ƙarƙashin Bankin Duniya. Ga kuma na 'yan majalisa da na matan gwamnoni, wanda ba ya ƙirguwa.

Wannan na ƙarshe kowa ya san fasalinsa. A kafa rumfuna, a jera kekunan ɗinki da injinan markaɗe da buhunan fulawa, mata su sha anko, a miƙa wa kowace takardar shaidar kammala horon kwana uku, mai ɗaukar hoto ya ce a ɗaga ta sama. Kafin la'asar wasu kekunan sun canza hannu tun a bakin ƙofa, a kan rabin kuɗinsu. Ba wauta ce ta sa mai keken ta sayar ba. Ba ta iya ɗinki ba, kwana uku ba sa koyar da ɗinki, kuma a gida akwai mara lafiya. Wanda ya raba ya samu hotonsa, wanda ya saya ya samu arha, sana'a dai ba a kafa ba.

Sai a fara da rarrabe abin da ake bayarwa, don a nan ake yawan ruɗewa. Akwai tallafi na kyauta, wanda ba a biya. Akwai bashi, ko da mara ruwa ne, wanda dole a mayar. Naira 10,000 ta TraderMoni da gwamnatin tarayya ta riƙa rabawa a kasuwanni daga 2018 bashi ce, amma da yawa sun karɓe ta a matsayin rabon arziki. Dala 5,000 da Gidauniyar Tony Elumelu ke bai wa waɗanda ta zaɓa tun daga 2015 kuwa kyauta ce, sai dai ba a samun ta sai an kammala horon da gidauniyar ta tsara, an kuma gabatar da tsarin kasuwanci a rubuce. Sannan akwai tallafin da ba ya shiga hannun mai sana'a ko kaɗan: ana bai wa wata ƙungiya ne ta biya malamai, ta kama ɗakin taro, ta haɗa masu koyo da waɗanda suka riga su. Irin wannan shi ne mata suka fi yi wa kallon hadarin kaji, suna cewa an tara su an yi ta surutu ba a ba su ko sisi ba. Wani lokaci suna da gaskiya. Wani lokaci kuma shi ne ya fi kuɗin amfani, kamar yadda binciken shekaru 20 da suka wuce ya nuna.

Labarin ya faro ne da wani sakamako da ya ɗaure wa masana kai. A 2005 wasu masu binciken tattalin arziki, cikinsu har da David McKenzie na Bankin Duniya, suka raba wa masu ƙananan sana'o'i a Siri Lanka kyautar kimanin dala 100 zuwa 200 ta hanyar ƙuri'a, suka riƙa bibiyar cinikinsu. Ribar maza ta tashi sosai. Ta mata ba ta motsa ba. Aka sake gwadawa a Accra da Tema na ƙasar Gana da sidi 150, a kan sana'o'i kusan 800: wasu aka danƙa musu tsaba a hannu, wasu kuma aka raka su kasuwa suka zaɓi kayan da suke so aka biya. Matan da suka karɓi tsaba ribarsu ba ta ƙaru ba. Waɗanda aka saya wa kaya sun ga canji, amma sai waɗanda dama sana'arsu ta ɗan yi ƙarfi.

Da an tsaya nan, da sai a ce mata ba su iya juya kuɗi ba. Wasu masu bincike mata, su Rohini Pande da Erica Field, suka koma kan alƙaluman Siri Lanka da Gana da wasu na Indiya, suka yi tambayar da ba a yi ba: su waye ke cikin gidan? Sai ga shi a gidajen da matar ce kaɗai ke da sana'a, jarin ya yi albarka a hannunta. A gidajen da miji ma yake da tasa, kuɗin ya zarce ne zuwa sana'ar mijin. Gidan ya ƙaru, amma littafin matar bai nuna komai ba.

Duk wanda ya tashi a gidan yawa ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan. Ranar da aka ji Hajiya ta samu tallafi, kafin magariba labari ya zaga dangi. Maigida yana da kuɗin takin da bai cika ba, zai mayar da kaka. Ƙanwa tana da bikin 'ya, kuma ba yadda za a yi yaya ta zo hannu rabbana. Yaron maƙwabta an kwantar da shi a asibiti. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ƙarya ce, babu kuma wadda mace mai mutunci za ta iya cewa a'a kai tsaye ba tare da an yi da ita ba. Jarin naira dubu ɗari haka yake zagwanyewa, dubu biyar yau, dubu goma gobe, ba tare da an ci amanar kowa ba. Shi ya sa buhun gyaɗa ya fi tsabar kuɗinsa tsira, don da wuya a ce a ranta wa mutum rabin buhu ya kai asibiti. Wani gwaji da Emma Riley ta yi a Kampala ta Yuganda, da mata kusan 3,000 masu karɓar bashi daga ƙungiyar BRAC, ya ƙara fito da abin fili. Wasu aka ba su bashin a hannu, wasu aka zuba musu a asusun waya mai lambar sirri. Bayan wata takwas, masu asusun waya sun fi sauran riba da kashi 15 cikin 100, kuma bambancin ya fi yawa ga waɗanda suka ce dangi na matsa musu da roƙo. Kuɗi ɗaya ne, wurin ajiya kawai aka sauya.

Horon aji shi ma an auna shi, kuma yawancinsa bai taka rawar gani ba. Koyar da lissafin shiga da fita da dabarun talla a kan allo yana sa mata su amsa tambayoyi daidai, amma ribar kan tsaya inda take. Wanda ya fita daban shi ne na birnin Lome a Togo, da aka wallafa a mujallar Science a 2017. An kasa masu sana'a 1,500 gida uku. Kashi ɗaya ba a koya musu komai ba, kashi ɗaya aka ba su darasin kasuwanci da aka saba, na uku kuma aka ba su wani horo da masanin halayyar ɗan Adam Michael Frese ya tsara, wanda ke koyar da yunƙurin kai: kada ki jira mai saye ya zo, fita ki neme shi, duba abin da maƙwabciyarki ba ta sayarwa, idan abu ya ɓaci, zauna ki gano dalili ki sake gwadawa. Cikin shekara biyu ribar wannan kashi ta ƙaru da kashi 30 cikin 100, ta masu darasin da aka saba kuwa da kashi 11, wanda masu binciken suka ce bai kai a kafa hujja da shi ba. Abin lura, bayan an tashi daga aji malami ya ci gaba da ziyartar kowane ɗalibi a wurin sana'arsa har wata huɗu.

Ni dai gwajin da ya fi kama hankalina shi ne na Dandora, wata unguwar talakawa a Nairobi. An ɗauki mata sababbin shiga kasuwanci, wasu aka kai su aji, wasu aka haɗa kowace da wata mace a unguwar da ta daɗe a irin sana'ar kuma take cin riba. Ajin bai ƙara riba ba. Waɗanda aka haɗa da uwar ɗaki sun samu ƙarin kusan kashi 20 cikin 100. Da aka bincika me suke koya, sai aka ga ba wani ilmi mai zurfi ba ne. Ana nuna musu inda ake saro kaya da arha ne, da dillalin da ba ya ha'inci. Da ɗan gari akan ci gari. Sai dai ƙarin bai ɗore ba: da alaƙar ta yi sanyi, ribar ta koma gidan jiya, saboda farashi yana canzawa, labarin watan jiya ba ya amfani yau. Wannan ya kamata ya tsaya wa masu tsara tallafi a rai. Suna ware kuɗin abinci da na ɗakin otal na kwana biyar, su bar bibiya ga sa-kai. A ganina gara a rage kwanakin otal, a biya gogaggiyar mai ƙuli-ƙuli ko mai saƙa ɗan alawus na shekara guda ta riƙa leƙa 'yan koyo biyar.

Ba sai mun je Kenya neman misali ba ma. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara shirin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi ta Nijar, ta gina shi a kan adashin da mata suka gada. Su taru duk mako, kowace ta zuba abin da ta iya a asusu, mai bukata ta ranta ta mayar da ɗan ƙari, ƙarshen zango a fasa a raba. Daga Maraɗi tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da Asiya. A Najeriya, shirin mata da Bankin Duniya ya sa wa dala miliyan 100 a 2018, wanda jihohin Kebbi da Neja da Taraba ke cikin na farko, a kan irin waɗannan ƙungiyoyi ya dogara. Amfanin ƙungiya ya wuce tara kuɗi. Tana bai wa mace amsar da za ta fita kunya da ita: kuɗin na asusu ne, ba ni kaɗai ke da mabuɗi ba.

A Nijar ɗin ne kuma aka yi wani babban gwaji da mujallar Nature ta wallafa a 2022, tsakanin matan karkara da ke karɓar tallafin gwamnati. Dukkansu an sa su a ƙungiyar asusu, an ba su horon sana'a da mai bibiya. A kan haka wasu aka ƙara musu jarin sefa 80,000. Wasu ba a ba su jarin ba, sai aka tara garin gaba ɗaya, maza da mata da masu gari, aka nuna musu fim a kan ma'auratan da suka haɗa kai matar ta kafa sana'a, aka tattauna, sannan aka yi wa matan horon mako guda a kan tsara buri da iya magana da yanke shawara. Wasu suka samu duka biyun. Kowane kashi ya ci gaba, a abinci da kuɗin shiga da kwanciyar hankali. Amma idan aka auna abin da aka kashe da abin da aka samu, kashin da aka zauna da mutanen gari ne ya fi arha. Ma'ana, shawo kan miji da suruka wani ɓangare ne na jarin.

Kada wannan ya sa a ɗauka kuɗi ba shi da tasiri. Gasar YouWiN da gwamnatin Goodluck Jonathan ta fara a 2011 ta karɓi takardu kusan 24,000, ta zaɓi mutum 1,200, ta ba su abin da ya kai kimanin dala 50,000 kowanne a matsakaici. Binciken da aka yi shekara uku bayan haka ya nuna an samar da ayyuka kusan 7,000. Babban jari a hannun wanda ya shirya yana aiki. Matsalar ita ce mata ba su kai ɗaya cikin biyar na waɗanda suka ci zagayen farko ba, har sai da aka keɓe musu zagaye na biyu a 2012.

Dalilin bai ɓuya ba, kuma har yau yana nan. Manyan tallafi ta intanet ake nemansu. Na Gidauniyar Elumelu ana cike shi da Turanci ko Faransanci ko Larabci ko harshen Fotugal. Wasu suna neman rajistar CAC da lambar BVN da hasashen ribar shekaru masu zuwa. Matar da ke cikin gida a Gumel ko Tasawa tana soya gyaɗa, 'yarta na kai talla, dillaliya na shiga mata gidaje da kaya, ta fi masu cike takardun da yawa sanin kasuwa, amma ƙofar ba ta buɗe mata ba. Sai 'yan boko su yi ta maimaita cin tallafi, wasu ma sun mayar da halartar bita sana'a. Ƙungiyar da ke son kaiwa ga wadda ta dace sai ta yarda ta karɓi bayani da baki, da Hausa, ta hannun ƙungiyoyin unguwa da makarantun Islamiyya na matan aure.

Wannan giɓi shi 'yan damfara ke shiga. Saƙo ya yi ta yawo a WhatsApp cewa wata hukuma na raba naira dubu ɗari biyar ga mata, a biya dubu biyu kuɗin fom, a turo lambar katin banki. Tallafin gaskiya ba ya neman kuɗin fom, ba ya kuma tambayar lambar sirri. Wadda aka gayyata shiga wani shiri tana da haƙƙin ta tambaya tun farko: kyauta ce ko bashi, kaya za a ba ni ko tsaba, wa zai riƙa zuwa duba ni bayan an gama, kuma har tsawon wane lokaci? Idan kuɗi za a tura, ta buɗe masa asusu dabam da wanda 'yan gida suka sani, ta kuma juya shi ya zama kaya cikin makon da ya shigo. Ta sayi ƙaramin littafi ta riƙa rubuta abin da ta saro da abin da ta sayar, ko da da ajami ne, ko ta sa 'yarta ta rubuta, domin masu ba da jari mai kauri shi suke fara nema su gani.