Bidiyon Kyamarar Gaba: Abin da Ke Kwantar da Shi da Yadda Ake Miƙar da Shi

Bidiyon da aka ɗauka da kyamarar gaban waya yakan fito da ɗaya daga cikin matsaloli biyu: ko dai ya kwanta, wani lokacin har kai ya koma ƙasa, ko kuma dama ta koma hagu. Mutane kan haɗa su a baki ɗaya su ce bidiyon ya juye, alhali kuwa sanadinsu daban ne, maganinsu ma daban. A gari irin Lafia, inda 'yan kasuwa ke tallar doya, riɗi da atamfa a WhatsApp, ɗaliban Jami'ar Tarayya kuma ke tura bidiyon ayyukansu, bambance su yakan hana asarar lokaci da data.

Kwanciya ta samo asali ne daga yadda aka ƙera wayar. A galibin wayoyi, ƙwayar da ke karɓar hoto an dasa ta ne a kwance, don haka ko an riƙe wayar a tsaye, hoton da ke shiga ciki kwantacce ne. Wayar ba ta cika wahalar da kanta wajen juya kowane hoto ba. Sai ta rubuta ɗan bayani a jikin fayil ɗin, cewa a juya shi da digiri 90, 180 ko 270 idan za a nuna. Wata ƙaramar na'ura mai jin karkata ce ke gaya mata yadda aka riƙe ta, kuma a daidai lokacin da aka danna ɗauka ake rubuta wannan bayani. Daga nan ba ya sauyawa. Wanda ya fara ɗauka a tsaye sannan ya kwantar da wayar, sauran bidiyonsa duk a gicciye zai fito.

Kyamarar gaba ta fi faɗawa wannan tarko, saboda mai ɗaukar kansa yakan ajiye wayar a cinya ko kan tebur, fuskarta na kallon sama. A wannan yanayi na'urar ba ta iya bambance tsaye da kwance, sai ta riƙe abin da ta sani na ƙarshe. Rigakafin mai sauƙi ne: a ɗaga wayar ta miƙe, a duba 'yan alamomin da ke fuskar kyamara ko sun daidaita, sannan a danna. Kafin nan ma ya kamata a san inda bidiyon za shi, domin TikTok da sitatus na WhatsApp tsaye suke so, talabijin da dogayen bidiyon YouTube kuwa kwance.

Akan kuma samu bidiyo ya miƙe a wayar mai shi, amma ya kwanta a kwamfutar shagon haɗa bidiyon biki ko a talabijin. Fayil ɗin lafiyarsa ƙalau. Manhajar da ta buɗe shi ce ba ta karanta bayanin ba. Idan ana son gyarawa, Google Photos na iya juya bidiyo a Tecno, Infinix, itel da sauran wayoyin Android, iPhone ma tana yi tun daga iOS 13 na shekarar 2019. Wanda aka juya wayar a tsakiyarsa sai an yanka shi gida biyu a CapCut ko InShot, a gyara ɓangaren da ya kwanta, a sake haɗawa. Kowace sake fitarwa tana ɗan rage kyan hoto, saboda haka gyara ɗaya daga fayil na asali ya fi.

Matsala ta biyu ita ce ta madubi. Da gangan wayar ke nuna wa mutum kansa kamar yadda ya saba gani a madubi, don ya ji sauƙin gyara hula ko ɗankwali. Tambayar ita ce ko a haka za ta ajiye. Idan ta ajiye a haka, sunan shago da lambar waya da ke bayan mai magana za su koma baibai, ba mai iya karantawa. Abin ya wuce nan a wajen Bahaushe: mai cin abinci ko miƙa kyauta da dama sai a gan shi yana yi da hagu, har a zarge shi da rashin tarbiyyar da bai yi ba. Malamin da ke koyar da alwala ta bidiyo shi ya fi kowa bukatar kula, tunda gabatar da dama na cikin abin da yake koyarwa.

Juya bidiyo da digiri ba ya warkar da wannan. Kifewa daga gefe zuwa gefe ake yi, kuma CapCut da InShot duk suna da maɓallinsa. A saitin kyamarar yawancin wayoyi akwai zaɓin madubi da ake kashewa, Apple ma ta sa nata a iOS 14 a 2020. Sai dai wasu manhajojin sada zumunta sukan ajiye hoton madubi idan a cikinsu aka ɗauka, don haka bidiyon da rubutu ko hannu ke da muhimmanci a cikinsa ya fi dacewa a ɗauke shi da kyamarar wayar kanta. Gwajin daƙiƙa biyar da takarda mai rubutu a hannu ya isa ya nuna yadda wayar ke ajiyewa.