Gemu Ba Ya Hana Ilimi: Malaman Ƙananan Yara a Birnin Kano

Duk wanda ya ratsa Yakasai ko Mandawari ko Gwale da sassafe zai ga iyaye riƙe da hannun 'yan shekara uku zuwa biyar, ana kai su makarantun rainon yara. A bakin ƙofa kuwa akwai matan da ke karɓarsu, wasu 'yan cikin ganuwa, wasu daga Fagge ko Sabon Gari. Su ne ke share hawaye, su koya wa yaro riƙon fensir da gaida manya, su kuma lura da wanda ya zo bai karya kumallo ba. A kan waɗannan mata muke so mu yi magana yau.

Da yawa cikinsu sun shiga aikin ne da takardar sakandare ko tsohuwar takardar malanta mai daraja ta biyu. Aure da haihuwa da rashin hali suka tsayar da karatunsu. To, ga shi zamani ya sake. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce NCE ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa, kuma tun 1993 aka yi dokar kafa hukumar yi wa malamai rajista, wato TRCN. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ma ta sa kula da ƙananan yara cikin shirinta. Saboda haka macen da ta shekara ashirin a aji tana iya wayar gari a ce ba ta cancanta ba, ko a bar ta kan albashin da bai kai ya kawo ba.

Amma ƙofa ba a rufe take ba. Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, an yi ta ne domin malamin da ke bakin aiki ya yi karatu daga gida, ya riƙa haɗuwa da masu koyar da shi a ƙarshen mako da lokacin hutu. Wadda ta sami NCE tana iya neman shiga jami'a kai tsaye, ba sai ta fara daga shekarar farko ba. Ga Jami'ar Bayero, wadda tsohon mazauninta ke dab da ganuwa. Ga kuma Jami'ar Karatu Daga Gida, wato NOUN, wadda aka kafa a 1983, aka dakatar a 1984, aka farfaɗo da ita a 2002. Tana da cibiya a Kano, tana kuma ba da digiri a fannin ilimin ƙananan yara.

Mai cewa shekaru sun ja, sai ya dubi Cif Olusegun Obasanjo. Ya zama ɗalibi a NOUN, har ya karɓi digirin digirgir a 2018, yana da shekara tamanin.

Ba mu ce abin da sauƙi ba. Malama za ta tashi daga aji da azahar, ta yi girki, ta kwantar da nata yaran, sa'an nan ta buɗe littafi, sau da yawa da fitilar hannu. Ga kuɗin rajista, ga na mota, ga jarrabawar da ake yi a kwamfuta.

Sai dai ribar ba ta tsaya ga takarda ba. Malamar da ta karanci yadda yaro ke girma takan gane da wuri in yana da matsalar ji ko gani ko magana, ta shawarci iyaye su kai shi asibiti. Takan san cewa wasa ma karatu ne, kuma yaro ya fi saurin fahimta da harshen da ya tashi da shi. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Don haka muna kira ga masu makarantu su sassauta wa irin waɗannan malamai lokacin jarrabawa. Mazaje su ba da goyon baya, zumuntar mata kuma ta tuna da su wajen adashi da gudummawa. Ke kuma 'yar'uwa da ke ta jinkiri, ki nemi fom bana. Shekarun nan za su wuce ko kin yi karatu ko ba ki yi ba.