Hoto bai nuna komai ba, amma yaro ba ya gani: gaskiya da ƙarya kan cutar Leber

Saurayi ɗan shekara 20 ya wayi gari tsakiyar ganinsa na ido ɗaya ya dushe, babu ciwo, idon bai yi ja ba. Bayan wasu makonni ɗayan idon ma ya bi sahu. Iyaye suka tattara kuɗi aka yi masa hoton MRI na kai, sakamako ya fito lafiya ƙalau. Daga nan surutu ya tashi: wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce iska ce, wasu ma suka ce makaranta yake gudu.

Akwai cutar gado da ke zuwa da wannan siffa. Likitan ido na Jamus, Theodor Leber, ya bayyana ta a 1871, kuma sunansa take ɗauke da shi. A 1988 Douglas Wallace da abokan aikinsa a Amurka suka gano tushenta: tangarɗa ce a cikin mitokondiriya, ƙananan sassan da ke samar wa ƙwayoyin jiki kuzari. Jijiyar gani tana da yawan buƙatar kuzari, shi ya sa ita ke fara gazawa.

Cewa tunda hoto ya fito lafiya to babu cuta, wannan ƙarya ce, kuma ita ta fi cutar da mai jinya. A farkon cutar Leber, sau da yawa MRI ba ya nuna komai, domin jijiyar kamar wayar lantarki take: hoton yana ganin wayar ne, ba ya ganin ko akwai wuta a cikinta. Wani lokaci akan hangi ɗan canji a jijiyar gani ko a mahaɗar jijiyoyin biyu, sai bayan watanni a ga jijiyar ta motse. To me ya sa likita ya nemi hoton? Don ya tabbatar babu ƙari a kai da ke danne jijiyar, kuma ba kumburin jijiya ba ne, domin waɗannan suna da magani nasu daban kuma ba sa jira. Don haka kuɗin bai tafi a banza ba. Abin da ke tabbatar da cutar shi ne gwajin jini na ƙwayoyin gado, inda canje-canje uku, 11778 da 3460 da 14484, suka ƙunshi kusan kashi 90 cikin ɗari na masu ita.

Masu cewa na'urar MRI tana ƙarasa ido da tururin nukiliya ma sun yi kuskure. MRI da maganaɗisu yake aiki. Ƙararsa ce ke tsorata mutane. Abin kiyayewa na gaske shi ne ƙarfe a jiki, don haka a faɗa wa ma'aikata tun kafin a shiga.

Cewa wani lokaci cutar tana taɓa ƙwaƙwalwa, gaskiya ne, amma ga 'yan kaɗan. A 1992 Anita Harding ta Ingila ta bayyana wasu mata masu cutar da hotonsu ya nuna tabo a ƙwaƙwalwa. Yawancin masu ita hankalinsu garau yake.

Sai batun gado. Nau'in da aka fi sani ta wajen uwa kaɗai yake bi, uba ba ya ba 'ya'yansa, kuma auren zumunci ba shi ne sanadinsa ba. Shi ya sa likita zai tambayi labarin kawunnai da 'ya'yan inna. Wannan ba dalilin tsangwamar uwa ba ne, ita ma gadonsa ta yi. Maza sun fi mata makancewa da cutar nesa ba kusa ba, galibi tsakanin shekara 15 zuwa 35, kuma da yawa suna ɗauke da ita har tsufa da idonsu.

Tabarau ba ya gyara ta. Akwai maganin idebenone da Tarayyar Turai ta amince da shi a 2015, yana taimakon wasu. Ganin gefe yakan saura, kuma masu canjin 14484 sun fi samun ganinsu ya ɗan dawo da kansa.

Duk gidan da wannan cuta ta bayyana a dangin uwa, samari su bar taba sigari da giya, domin suna tayar da ita. Wanda kuma za a ɗora a kan maganin tarin fuka ya sanar da likita, saboda ethambutol, ɗaya daga cikin magungunan, yana iya yi wa jijiyar gani illa.