Littafin bashina da Littafi Mai Tsarki

Littafi biyu nake yawo da su a jakata. Ɗaya na bashi ne, mai jan bango, inda nake rubuta wanda nake bi da wanda yake bina. Ɗayan Littafi Mai Tsarki ne na Hausa, wanda a cikinsa na koyi haɗa baƙi, don ni ban yi boko ba. Sun fi shekara 20 suna kwana a jaka ɗaya, amma ba su taɓa gaisawa ba. Na Allah na ranar Lahadi ne, na bashi kuwa daga Litinin zuwa Asabar. Sai a daminar 2023 Ubangiji ya haɗa su, kuma haɗuwar ba ta yi mini daɗi ba.

Ni mutumin ƙasar Galmi ne, tsakanin Ƙonni da Madawa. Abu biyu aka san garinmu da su: albasa, da asibitin mishan da aka buɗe a 1950, inda mahaifina ya fara jin Bishara. Albasar ce ta kawo ni Gana. Na yi shekaru a kasuwar Agbogbloshi cikin Akra, har aka tashe mu a watan Yulin 2021 aka mayar da mu Ajen Kotoku, can bayan gari.

Wanda bai san sana'armu ba zai ɗauka kuɗi ne ke tafiyar da ita. Amana ce. Ana cire albasa da bazara, masu hali su zuba ta a rudu su jira damina ta yi tsada. Mu ɗauko a hannunsu bashi, mu loda mota. In ta iso Akra mu rarraba wa mata masu kasawa da samari masu turawa a kura, su ma bashi. Sai sun sayar su biya mu, mu kuma mu biya na gida. Gaskiyar masu iya magana, bashi hanji ne, yana cikin kowa.

Motar da ta tsaya a Gaya

A ƙarshen Yulin 2023 na loda buhu 300 daga hannun wani dattijo da muke kira Baba Alhaji, abokin cinikin mahaifina tun ina yaro. Hanyar Burkina ta riga ta lalace saboda 'yan bindiga, shi ya sa muke bi ta Gaya, mu haye gada zuwa Malanbil, mu ratsa Benin da Togo mu shiga Gana ta Aflawo. Ranar 26 ga wata sojoji suka kifar da gwamnati a Yamai. Ranar 30 ECOWAS ta sa takunkumi, aka rufe iyaka. Motata na Gaya, tana kallon gada.

Albasa ba siminti ba ce da za ta jira 'yan siyasa su shirya. Ga ruwan sama, ga zafi a ƙarƙashin tamfol. Kwana goma sha biyu direba ya kira ni ya ce, “Maigida, ruwa ya fara ɗiga daga ƙasan mota, wari ya hana mu kwana kusa da ita.” Da aka sauke, buhu 40 kawai aka tsinta, aka sayar da su a wulaƙance, kuɗin bai ma kai na mota ba. Aka bar ni da bashin sefa miliyan 6.

Kwana uku ina juya waya a hannu na kasa kiran Baba Alhaji. Shi ya kira ni. Na fara kame-kame, ina cewa zan sayar da filina na gida. Ya katse ni ya ce, “Ɗana, kai ka rufe gadar? Kaya namu ne ni da kai, asarar ma tamu ce. Cire rabi. Sauran ka biya yadda Allah ya hore maka. Filin ubanka kuwa kada in sake jin ka ambace shi.” Na zauna a kan buhu ina hawaye kamar yaro, ban damu da masu kallo ba.

Ranar Lahadi na tashi a majami'a na ba da shaida. Na yi baiko na godiya, 'yan zumuntar mata suka yi guɗa, fasto ya yi mini addu'a. Na koma gida ina jin a duk Akra babu mai godiya irina.

Ranar Talata

Talata da safe na buɗe jan littafi, ina neman inda zan fara tara miliyan ukun da suka rage. Idona ya faɗa kan sunan wani saurayi, ɗan Bawku, mai tura albasa a kura yana bin unguwanni. Buhu biyu ya ɗauka tun watan Yuni, sidi 1,800, bai kawo ko sisi ba. Na aika aka kira shi. Ya durƙusa a gaban rumfata ya ce, “Baba, ka yi mini haƙuri. Matata ta haihu, sai da aka yi mata aiki, kuɗin can suka tafi. Ka ba ni lokaci, zan biya.”

Ban ba shi ba. Na ɗaga murya har maƙwabta suka taru, na kira shi maci amana, na sa yarana suka ja kurarsa suka ɗaure ta da sarƙa a jikin rumfata. Na ce ranar da ya kawo kuɗi ya ɗauki abinsa. Ya tafi kansa a sunkuye. Ni kuwa ko a jikina, gani nake hakkina na nema.

A gidanmu muna addu'ar dare, autarmu ce mai karatu don idona ya fara rauni. Ran nan uwargida ta ce mata, “Buɗe mana Matiyu sura 18, ki fara daga aya 21.” Ashe labari ya riga ni isa gida.

Kun san misalin. Wani sarki yana lissafi da bayinsa, aka kawo wanda yake bi talanti dubu 10. Bawan ya faɗi yana roƙon a ba shi lokaci, sarki ya ji tausayinsa ya yafe duka. Fitarsa ke da wuya sai ya ci karo da abokin bautarsa da yake bi dinari 100, ya shaƙe shi. Wannan ma ya roƙe shi da irin roƙon da shi ya yi ɗazu, amma ya ƙi, ya sa aka kulle shi. Da sarki ya ji, ya dawo da shi ya ɗora masa bashinsa na da.

Na sha jin wannan wuri, na ma taɓa koyar da shi ga yara. Amma ban taɓa yi masa lissafin kasuwa ba sai daren nan. Dinari ɗaya ladan ɗan ƙwadago ne na yini guda, haka yake a Matiyu 20. Ke nan dinari 100 guminsa ne na wata uku da 'yan kwanaki. Kuɗi ne na gaske, Yesu bai ce ba komai ba ne. Talanti ɗaya kuwa wajen dinari 6,000 ne, aikin kusan shekara 20. To, a ninka shi sau dubu 10. Ko jikokin jikokinsa ba su biya.

Autar ta ɗago kai ta ce, “Baba, shi bawan nan bai yi wa sarki godiya ba ne? Ban ga inda aka ce ya gode ba.” Na karɓi littafin na duba da kaina, lalle babu. Sai wani abu ya soke ni: ni ai na gode. Na gode a gaban ikilisiya, har da baiko da guɗa. Kuma duk da haka hannuna yana wuyan ɗan mutane. Ashe da wanda bai gode ba da wanda ya gode da baki kawai, duk a ƙofa ɗaya suke fita su shaƙe na ƙasa da su.

Uwargida ba ta yi mini wa'azi ba. Da yara suka shiga ɗaki ta ce, “Maigida, kurar yaron nan tana rumfarka. Gobe da me zai fita? Mai jego kuma me za ta ci?” Ban amsa ba. Barci ma bai zo ba.

Kwance sarƙa

Da gari ya waye, dabara ta fara zo mini: in aika yaro ya mayar masa da kurar a ɓoye, magana ta mutu. Amma a bainar jama'a na ci mutuncinsa, a ɓoye kuma zan biya? Na jira kasuwa ta cika, na aika aka kira shi, na kwance sarƙar da hannuna. Na ce, “Ɗana, jiya na yi maka abin da ba a yi mini ba. Ka yafe ni.” Furta wannan ga yaron da na haifi kamarsa ya fi mini asarar Gaya nauyi. Na cire masa rabi kamar yadda aka cire mini, sauran sidi 900 muka shirya zai riƙa kawo 50 duk mako, na kuma ba shi buhu ɗaya ya koma aiki. Wani mako ya kawo, wani mako ya zo ya ba da haƙuri. Cikin wata bakwai ya gama.

Da na ba fastonmu labari, sai ya nuna mini Maimaitawar Shari'a sura 24. Can Musa ya hana mai bin bashi karɓar dutsen niƙa jingina, domin wanda ya ɗauke abin da mutum yake ci da shi ransa ya ɗauke. Ya hana shi kutsawa cikin gidan wanda yake bi, sai dai ya tsaya a waje. In kuma mayafin matalauci ya karɓa, ya mayar masa kafin rana ta faɗi. Kurar yaron nan ita ce dutsen niƙansa. Na yi mamaki ƙwarai: ashe Littafin da nake ajiyewa don Lahadi ya san kasuwa fiye da ni.

Wani abin da har yau nake juyawa a raina shi ne, ta hannun Musulmi Ubangiji ya koya mini wannan sura. Baba Alhaji bai taɓa karanta Matiyu ba, amma shi ya tsaya a matsayin sarkin, ni mai Littafi a jaka na tsaya a matsayin mugun bawan. Yesu ma ya sha yin haka da masu sauraronsa. A Luka 10 Basamariye ne ya tsaya wa wanda 'yan fashi suka sara, a Luka 17 kuma cikin kutare goma da aka warkar, Basamariye ne kaɗai ya komo ya yi godiya. Mu da muke zaune a zango, muna cin kasuwa ɗaya, muna zuwa sunan juna da jana'izar juna, ya kamata wannan ya rage mana girman kai.

Tausayi ba sakarci ba ne

Na san wani ɗan'uwa zai ce, to in kowa ka yafe masa, ina jari? Tambaya ce mai kyau. Ban yaga jan littafina ba, kuma ba na ce kowa ya yaga nasa. Zabura 37 ta kira mai cin bashi ya ƙi biya mugu. Akwai wanda ya kasa, akwai wanda ya ƙi, aikin mai bin bashi ne ya bambance su kafin ya buɗe baki. A shekarar nan akwai wani da nake bi kuɗi masu yawa, ina ganinsa yana sauke kaya daga hannun wasu yana biya lakadan. Shi ban cire masa ko sidi ɗaya ba. Na bi matakan da ke cikin wannan sura ta 18 ɗin, aya 15 zuwa 17: na same shi mu biyu, da ya ƙi na koma da mutum biyu, da ya ƙi na kai maganar gaban shugabannin kasuwa. Ya biya. Ban zage shi ba, ban taɓa kayan sana'arsa ba, har yau muna gaisawa.

Ga abin da ya sauya a wurina, ko zai amfani wani. Kullum da asuba ina karanta sura ɗaya kafin in taɓa jan littafi, don na lura wanda na fara buɗewa shi ke mulkin yinin. Wanda karatu ke ba shi wuya, yanzu akwai Littafi Mai Tsarki na Hausa da ake saurara a waya, sai ya kunna yana jiran mota. Sannan a shafin ƙarshe na littafin bashi na buɗe wani lissafi dabam, na abin da aka yafe mini. Miliyan ukun Baba Alhaji na can. Matar da ta ba ni ɗaki wata huɗu kyauta lokacin da na sauka Akra ba ni da kowa tana can. Haƙurin uwargida na shekarun da nake wata shida ban leƙa gida ba yana can. A saman shafin na zana gicciye, don wannan bashin ba shi da adadi. Duk ranar da zan je bin wani, sai na fara karanta shafin nan. Na uku, kafin in tambayi mutum ina kuɗina, ina tambayarsa ina gida, in kuma tsaya in ji amsa.

Ban zama waliyyi ba. Har yanzu in na ga suna ya daɗe a littafi raina na tafasa, wani lokaci uwargida sai ta yi gyaran murya kawai in gane. Bashin Baba Alhaji ma ban gama ba, saura sefa jaka 400. Watan jiya na aika masa da wani abu, ya kira ya ce, “Ɗana, ya iyali?” Sai da muka gama gaisuwa tsaf, har ya tambayi autarmu, sannan ya ce saƙo ya iso.