Gidan Ƙasa da Gidan Bulo a Dutsi

Duk wanda ya shiga tsohuwar unguwa a Dutsi, ko wani gari a shiyyar Daura, zaure ne zai fara tararsa. Nan baƙo yake tsayawa ya yi sallama, nan maigida yake ganawa da mutane, nan ake fito da tuwon dare a ci da maƙwabta. Daga zaure sai ƙofar gida, inda samari ke da ɗakunansu, sai shigifa, sannan cikin gida, wurin mata da yara da madafa da rumbu. Magini ba ya saita ƙofar zaure da ta shigifa, don kada idon mai wucewa ya faɗa ciki.

Kayan ginin kusan duk a ƙasar ake samunsu. A haƙo ƙasa, a kwaɓa ta da ciyawa, a tattake ta da ƙafa, a mulmula tubali da hannu a shanya. Ramin da aka bari shi ne kududdufin unguwa, shi ya sa da wuya ka ga tsohon gari ba shi da kududdufi. Bango kan fara da kauri daga gindi, yana sirancewa yayin da yake hawa. Rufin soro kuwa na azara ne, wato itacen giginya da aka tsaga, wanda gara ba ta cika damunsa ba. Sai dai azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa idan tazarar ta yi faɗi, don haka magina suka ƙware a bakan gizo da ɗaurin guga, har su rufe babban ɗaki ba ginshiƙi a tsakiya. Wanda ya fi shahara a wannan fanni shi ne Babban Gwani Muhammadu Durugu, maginin tsohon Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Daga waje a shafe bango da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, a kafa indararo ya watsar da ruwa nesa da gindin gini.

Da zafin Afrilu za ka san amfanin kaurin bangon ƙasa. Ɗakin soro da azahar sanyi ƙalau, mai ɗakin kwano kuwa yana gindin bishiya da tabarmarsa. Amma gaskiya gidan ƙasa akwai wahalarwa. Kowace shekara sai an yi yaɓe kafin damina, in an yi sakaci ruwan Agusta ya kwantar da katanga. Azara ta yi tsada, masu iya ɗaurin guga sun yi ƙaranci, yaran magina sun koma birkiloli.

Akwai kuma batun ido. Yau in mutum ya samu kuɗi, alamar farko ita ce ya rushe soron da ya gada ya aza bulo da kwano. Alhali kuwa a Amstadam, babban birnin ƙasar Holan, gidajen bakin magudanan ruwa da aka gina a ƙarni na 17 suna cikin mafi tsada a birnin. Doka ta hana mai gida sauya fuskar gininsa yadda ya ga dama, kuma a 2010 hukumar UNESCO ta sa unguwar cikin wuraren tarihi na duniya. Ba a ce soron ƙasa zai jure kamar jan bulo na Turai ba, amma hasumiyar Gobarau a Katsina ta shekara ɗaruruwa a tsaye, don ana kula da ita.

A sababbin unguwanni na bayan gari, inda ake yanka fuloti a jere, filin bai isa a yi zaure da shigifa ba. Sai a yi falo mai ƙofa ta waje don baƙi maza, a ɗora dakali a bakin get, a fitar da shago ɗaya ko biyu a jikin katanga a ba da haya.